Littafin Keay a Bakin Kogin Kano

Ba duk littafin da ya yi tasiri a makarantunmu ne mai kauri ba. An Outline of Nigerian Vegetation na R. W. J. Keay ɗan siriri ne, shafinsa bai kai ɗari ba, amma duk wanda ya taɓa zama a ajin labarin ƙasa a Nijeriya ya sha daga gare shi, ko da bai taɓa jin sunan marubucin ba. Taswirar nan da malamai ke zanawa a allo, wadda ta yanka ƙasar nan a gicciye tun daga bakin teku har tafkin Chadi kamar ratsin luru, a ce nan kurmi, nan Gini ta Kudu, nan Gini ta Arewa, nan Sudan, can ƙurya Sahel, tsarin wannan littafi ne. Maɗaba'ar gwamnati ta Legas ce ta fara buga shi a 1949, aka sake fito da shi a 1953, sannan a 1959. Bugu na uku shi ne nawa. Na daɗe ina koyarwa da shi, ina kuma gardama da shi a zuci duk sa'ad da na bi hanyar Madobi zuwa Kura.

Ronald Keay Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1920. Ya karanci ilimin tsirrai a Oxford, ya iso Nijeriya a 1942 a matsayin ma'aikacin gandun daji. Ke nan bai cika shekara 30 ba ya rubuta littafin da har yau ake kafa hujja da shi. Ya zauna a nan har 1962, ya kai ga shugabancin sashen binciken gandun daji na tarayya da ke Ibadan, kuma shi da C. F. A. Onochie da D. P. Stanfield ne suka rubuta Nigerian Trees mai juzu'i biyu. Ya rasu a 1998. Sunayen nan na Sahel da Sudan da Gini ba shi ya ƙago su ba, Bafaranshen nan Auguste Chevalier ya riga shi amfani da su tun 1900. Aikin Keay shi ne ya ɗauko su ya gwada su a kan ƙasarmu, ya nemo inda kowace shiyya ta fara da inda ta tsaya, ya kuma faɗi itatuwan da za a gane ta da su.

Wannan na ƙarshe shi ne gwanintar littafin, kuma shi ya sa nake ƙaunarsa. Da Keay ya so, da ya ɗauki alƙaluman ruwan sama kawai ya ja layi, ya huta. Ya san da ruwan, ya kuma san cewa tsawon rani ya fi yawan ruwan damina yanke wa itace hukunci. Amma shaidar da ya fi riƙewa ita ce itacen da ke tsaye. Wanda bai da ma'aunin ruwa, bai da taswira, in dai yana da ido kuma ya san sunan itace, littafin zai iya gaya masa inda yake.

Ɗauki doka. Ita ce Keay ya sa ta zama alamar Gini ta Arewa, shiyyar da ta ɗauki ƙasar Zazzau da Birnin Gwari ta leƙo kudancin Kano. Zaɓi ne na wanda ya yi tafiyar ƙafa a daji. Doka ba ta zaman kaɗaici, inda ka ga ɗaya za ka ga dubu, domin tana tohowa daga saiwa, ta mamaye tudu guda ta hana wasu sakat. A ƙarshen rani, bayan wuta ta wuce ƙasa ta yi baƙi ƙirin, tun kafin ruwa ya sauka sai ka ga ta fito da sabon ganye ja mai sheƙi, daga baya ya rikiɗe ya koma kore shar. In kwanson 'ya'yanta ya bushe, da tsakar rana za ka ji yana fashewa ƙas, yana watsa iri. Wanda ya taɓa ratsa dajin Falgore a wannan lokaci ya san abin da nake faɗi. Daga nan in ka nufo arewa, ka wuce Tudun Wada da Tiga ka doso Madobi, doka sai ta yi ta raguwa har ta ɓace. Manyan ganyaye su ja baya, ƙaya da ƙananan ganyaye su ƙaru. Ga aduwa, ga bagaruwa, ga ɗanya da taramniya, ga geza a kan fako, sabara da kalgo a saura, goriba a kwari. Ciyawa ma ta gajarce. Ka shigo shiyyar Sudan ke nan, kuma ba allon kan hanya ne ya gaya maka ba.

Da Frank White ya fitar da babbar taswirar tsirran Afirka ta UNESCO a 1983, ya sauya sunaye da yawa, bai bi rabon Gini da Sudan yadda Keay ya yi ba. Duk da haka, da ya zo raba dazuzzukan wannan yanki namu, da doka ya raba su: dajin da doka ta yawaita a cikinsa daban, wanda babu ita daban. Shekara 34 tsakani, ma'aunin bai canza ba.

Abu na biyu da nake yaba wa littafin shi ne yadda ya ɗauki wutar daji da muhimmanci. A wurin Keay wuta tana cikin masu tsara daji, kafaɗa da kafaɗa da ruwa da ƙasa. Yana da hujja a hannu. A gandun dajin Olokemeji da ke ƙasar Yarabawa, tun 1929 aka keɓe filaye uku: ɗaya ana ƙona shi da farkon rani ciyawa na da sauran ɗanye, ɗaya a ƙarshen rani ta bushe ƙayau, ɗaya kuma an hana wuta shiga sam. Keay da abokin aikinsa J. R. Charter sun buga sakamakon a 1960. Filin da aka tsare ya kama hanyar zama kurmi, wanda ake ƙonawa a makare kuwa ya zauna sarari mai ciyawa da tsirarun itatuwa masu kaurin ɓawo. Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, wuta ce kaɗai ta bambanta su. Mafarauci da Bafillace sun san haka tun kaka da kakanni, amma a aikace suka sani. A nan an auna, an rubuta.

Maganar wuta ita ce ta kai ni ga itacen fayin, wanda mutane da yawa ke zaton sai ƙasashen ƙanƙara. Akwai irinsa na ƙasashen zafi. Pinus caribaea, alal misali, asalinsa Beliz da Honduras da Nikaraguwa da Kuba da tsibiran Bahamas. A can yana tsayawa ne tsilla-tsilla a kan ƙasa marar ƙarfi, ciyawa a ƙarƙashinsa, wuta na bi ta ciki lokaci-lokaci, kuma in aka daɗe ba wuta, itatuwa masu faɗin ganye sukan taso su shaƙe 'ya'yansa. Masu rarraba tsirrai a can suna fama da tambayar da Keay ya yi fama da ita a dajin doka: itatuwa a sama, ciyawa a ƙasa, kurmi za a kira shi ko sarari? Rassa za a duba a ga ko sun haɗe, ko ciyawar da ke ɗaukar wuta? Irin wannan tambaya ce ta tara masana a Yangambi ta ƙasar Kwango a 1956 don a daidaita sunayen ire-iren dazuzzukan Afirka. Keay kuma shi ya rubuta bayanin taswirar tsirran Afirka da ta fito a 1959.

Kudu da Sahara babu fayin na asali ko ɗaya. Da ma'aikatan daji suka so samun katako mai laushi da itacen yin takarda a gida, sai suka shigo da shi, kuma a nan ne tsarin Keay ya nuna amfaninsa a aikace. Ba su yi ta dasawa barkatai ba. Sun nufi shiyyar doka da tsaunuka: Afaka kusa da Kaduna, Miango a tudun Jos, da Mambila. Tashar binciken itatuwan daji da aka kafa a Samaru ta Zariya a shekarun 1960 ta yi ta gwada iri daban-daban a irin waɗannan wurare. Akwai wani abin sha'awa a nan. Fayin ba ya rayuwa sai da wani irin naman kaza da ke naɗe masa saiwa yana taya shi tsotso abinci daga ƙasa. Doka ma haka take, da nata abokin zaman. Sai dai na doka bai karɓi baƙo ba, dashen farko ya yi ta tsumburewa yana rawaya, sai da aka kawo ƙasar da ke ɗauke da irin naman kazan fayin aka gauraya a wurin renon dashe, sannan ya miƙe. A Madobi kuwa, inda ruwan shekara ke kai-komo wajen milimita 800 zuwa 900, rani kuma ya kai wata bakwai, babu wanda zai yi asarar kuɗinsa a kan gandun fayin. Baƙin da suka karɓi wannan shiyya su ne darbejiya, wadda aka fara dasawa a lardin Borno a 1928, da itacen turare. Da ɗan wannan littafi a aljihu, ma'aikaci zai iya hasashen haka tun bai haƙa rami ba.

To, amma shiga gandun fayin ka duba ƙasa. Busassun ganyayensa masu siffar allura sun shimfiɗu sun yi kauri, gamba ta ja baya, inuwar ma wata iri ce. Wane suna Keay zai ba wannan wuri? Babu. Tsarinsa na abin da ya tsiro da kansa ne. Wannan ba laifi ba ne ga littafin da aka rubuta kafin gandun ya girma, amma daga nan ne na fara ganin inda hannunsa bai kai ba, kuma a Madobi abin ya fi fitowa fili.

Keay ɗan zamaninsa ne. Masana tsirrai na lokacin sun yi imani cewa kowane yanayi yana da cikakken dajinsa, wanda ƙasa za ta koma gare shi in mutum ya ɗauke hannu. Abin da ake gani a gona da saura kuwa, a wurinsu ragowar wancan ne, abin da gatari da wuta da dabbobi suka bari. Ya san sarai cewa shiyyar Sudan ta cika da jama'a, kuma da wuya a sami inda fartanya ba ta taɓa ba. Shi ya sa da ya so kawo misalinta a wata maƙala da ya buga a Journal of Ecology a 1949, gandun dajin Zamfara ya tafi. Na fahimci dalilinsa. Sai dai abin da ya haifar shi ne, an siffanta shiyyar da abin da ya fi ƙaranci a cikinta, abin da ya fi yawa kuma ya zama bayanin gefe.

Tsaya a kan tudu tsakanin Madobi da Kwankwaso da damina ka ƙirga abin da ke gabanka. Ɗorawa, tsamiya, kuka, kanya, ɗinya, gawo, jefi-jefi kaɗanya, rimi a bakin gari. Kowanne tsaye shi kaɗai a tsakiyar dawa da gero, da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, an sassabe masa ƙananan rassa don kada inuwa ta yi yawa. Babu ko ɗaya da ya tsaya a wurin bisa kuskure. Gawo ya zubar da ganye da damina, hatsin da ke gindinsa ya fi na ko'ina duhun kore, da rani kuma ya yi ganye ya zubo wa tumaki 'ya'ya. Ɗorawa ta ba da gari, ta ba da kalwar daddawa, ɓawonta ya zama makuba. Na taɓa tambayar wani dattijo da na iske yana gyaran kunya a ƙarƙashin wata babbar ɗorawa, na ce, "Baba, wa ya shuka wannan?" Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, ai mutanen da ba shuka ɗorawa suke yi ba, barinta suke yi. Kakana ne ya bar ta. Gonar tawa ce, amma ita ta ƙanwar mahaifina ce, 'ya'yanta ke zuwa su kaɗe." Itacen da ake gadonsa daban da ƙasar da yake tsaye a kai, har a iya jinginar da shi, ba ragowar daji ba ne. Wani irin daji ne mai zaman kansa, wanda manomi ya zaɓa itace bayan itace, kuma ya cancanci babi guda da sunansa.

Bincike na baya ya goyi bayan manomin. Wasu malaman Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole, sun fitar da Wood Fuel in Kano a 1990, inda suka nuna cewa itatuwan gonakin karkarar Kano ba su ƙare ba duk da yawan jama'a da fari, domin masu gona na tsaron abinsu, yawancin itacen girkin birni kuma daga nesa ake kawo shi. A ƙasar Maraɗi, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a gona, abin da suke kira sassabin zamani, har gonakin da suka yi fayau suka sake yin itatuwa. A can ƙasar Gini kuma, James Fairhead da Melissa Leach sun nuna a 1996 cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyukan Kisidugu, wanda aka daɗe ana cewa ragowar tsohon kurmi ne, mutanen ƙauyen ne suka raya shi. Wannan ya taɓa ra'ayin Keay cewa wani dajin kudancin Nijeriya asalinsa kurmi ne, ko da yake bai rushe shi ba, don Olokemeji na nan tana ba da tata shaidar.

Akwai kuma rarrabuwar da Bahaushe ya riga ya yi wa ƙasarsa, wadda na so a ce littafin ya ba ta wuri fiye da haka. Kurmi da fadama sun shiga Turancin ma'aikatan daji tuntuni. Amma manomin Madobi yana da tudu da kwari, jigawa da ɗabaro, fako da marmara, karkara da saura da daji, burtali da makiyaya, da kufai wanda kukoki ke tona asirinsa. Kowanne da tsirransa. Giyayya ta ce maka ruwa na kwanciya a nan, sabara ta ce ƙasar ta gaji. Taswirar da ta ɗauki Nijeriya gaba ɗaya a shafi guda ba za ta iya nuna waɗannan ba, na yarda. Amma J. M. Dalziel ya riga ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, ƙofa a buɗe take.

Sauran abin da zan faɗa ba laifin marubuci ba ne, aikin zamani ne. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja ruwa ta babban kanal zuwa Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, a shirin da aka tsara wa kadada 22,000 a kashin farko. Kafin ruwa ya gudana sai da aka baje ƙasa, itatuwan gona da yawa suka tafi. Waɗanda suka tsira ma ba kowa ke maraba da su ba, don mai shinkafa ba ya son reshen da jan-baki zai sauka. Yau in ka haye Kogin Kano daga Madobi a watan Janairu, lokacin da shiyyar Sudan ya kamata ta zama toka-toka, kore za ka gani iyakar ganinka: alkama, tumatir, albasa, masara. A bakin kogin kuma injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo. Magudanun ruwa sun cika da kacala, ciyawar da ta samu gindin zama tun da ruwa ya daina yankewa, ta kuma addabi mutanen kwarin Haɗeja da Nguru. A gefen gonaki mangwaro ne da gwaiba da zogale da turare. Ruwan sama na Sudan ne, abin da ke ƙasa kuwa ba shi da gurbi a cikin shiyyoyin nan. Su kansu layukan taswirar an ja su ne kafin farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka kashe itatuwa da yawa a arewa. Ɗalibi ya kamata ya san cewa iyakar da ya haddace tana motsi.

Duk da haka ban taɓa cire littafin daga cikin waɗanda nake ba ɗalibai ba, da tsohuwar zuma ake magani. Turancinsa a miƙe yake, ba ƙawa, ba cika baki. Yana tafiya daga teku zuwa hamada a tsanake, kowace shiyya da yanayinta da itatuwanta, har mai karatu ya ji ƙasar na bushewa shafi bayan shafi. Nauyinsa ɗaya ga ɗan sakandare shi ne jerin sunayen Latin, waɗanda in malami bai fassara su zuwa marke da maje da ƙirya da maɗaci ba, yaro zai haddace su ya ci jarrabawa, ya fito ya zauna a inuwar itacen bai gane shi ba. Wannan kuwa gyaransa a hannunmu yake.

Kirana ga malaman labarin ƙasa da na gandun daji, a Jami'ar Bayero da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta da sauransu, shi ne a mayar da wannan ɗan littafi Hausa, kowane itace da sunan da manomi ya san shi da shi. A bar shiyyoyin Keay yadda suke, sun ci jarrabawar shekara 70 da ɗoriya. A ƙara masa babi uku da bai samu rubutawa ba: itatuwan gona, dazuzzukan dashe irin na fayin da turare da darbejiya, da tsirran ƙasar noman rani. Mai rubuta na ƙarshen ba sai ya yi nisa ba, ya fara daga bakin kogi a Madobi ya bi kanal zuwa Bunkure.